Sandar Da Ba Ta Taɓa Jingina Ba

Daga Allah muke, can kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya, wannan ba abin musu ba ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi a tsakiyar daminar bana. Kafin la'asar an kai shi. Ni ina Kaduna wurin aikina a masaƙa, saƙo bai same ni ba sai washegari ta bakin wani direban tifa. Ko da na sauka a tashar garinmu, wanda yanzu ake koya mana mu kira Suleja, abin da ya rage mini shi ne zaman makoki.

Na tarar an kafa rumfa a ƙofar gida saboda ruwa, an shimfiɗa tabarmi, yayansa Kawu Liman yana tsakiya yana karɓar gaisuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na koma gefe na kasa kunne. Wani ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Na ɗaga kai na dube shi, don Kawu da haƙuri ko hanya ba ta taɓa haɗa su ba. Wani ya ce bai damu da duniya ba. Wani ya ce asuba ba ta wuce shi a sahun gaba, wannan kam gaskiya ce. Haka aka yi ta jera masa halayen nan da ake yi wa kowane mamaci ɗinki ɗaya, kamar likkafani.

Ba wanda ya ambaci sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa a sunkuye kan koren tebur da sanda a hannu, wanda direbobi daga Minna da Keffi ke ajiye mota don kawai su ga yadda yake buga ƙwallo, an zauna makokinsa kamar bai taɓa taɓa sanda ba. Wani tsohon tela maƙwabcinsa ne ya kusa. Ya ce, "Allah Sarki, ai ko ranar Litinin na wuce ta ɗakin tebur na gan shi yana..." Kawu Liman ya yi gyaran murya ya ce, "A yi wa Annabi salati." Aka yi salati, tela ya haɗiye sauran maganarsa.

A cikin gida Inna, mahaifiyata, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Iya kuwa, matar Kawu, idonta a bushe yake. Da na gaishe ta da haƙuri sai ta ce, "Ya huta. Ni ma na huta da rufe tuwo yana sanyi." Ban ga laifinta ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban da gaisuwa akwai abin da ya kawo ni, ba zan ɓoye ba. Kawu yana da sanda guda ta kansa wadda ba ya ba kowa aro, kuma da bakinsa ya ce tawa ce. Na shiga ɗakinsa na jawo dogon akwatin katakon da take kwana a ciki daga ƙarƙashin gado. A buɗe yake, ba komai sai tsumman goge ta. Na tambayi Iya, ta kau da kai. Na tambayi Inna, ta ce, "Ba yanzu ba, don Allah." Tun daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya.

Gidan kakanninmu gidan malamai ne, Kawu shi ne ya fita zakka. Ya tafi Minna yana saurayi ya kama aikin duba tikiti a reluwe, a kulob ɗin ma'aikata ya koyi wasan. Da ya ajiye aiki ya ji za a yi gwanjon tsohon teburin kulob, ya saye shi, ya ɗoro a babbar mota. Ranar da aka sauke shi unguwa ta fito kallo, ƙarti suna nishi ƙarƙashin faffaɗan dutsen da ake shimfiɗa ƙyallen a kai. Ya kama ɗaki kusa da tasha ya kafa shi. Kawu Liman ya zo ya leƙa daga bakin ƙofa sau ɗaya, ya ce, "Caca ka kawo mana gari." Bai sake taka wurin ba, bai kuma sake ra'ayi ba.

Ni na fara zuwa bayan na gama makaranta ina zaman jiran aiki. Ranar farko na shiga na fizgi sandar da ta fi kyau a ido na nufi tebur. Kawu ya ce, "Kai, ina za ka? Mata ka zaɓa ko sanda?" Ya karɓe, ya kwantar da ita kan tebur ya mirgina ta da tafin hannu. Sai ga kanta yana ɗagawa yana sauka, tana tafiya tana ɗingishi. Ya ce, "Ka gani? Wannan ko mala'ika ka ba zai yi kuskure da ita." Ya ɗauko wata baƙa-baƙa mara ado ya mirgina, ta tafi sumul ba motsi. Sannan ya kafa ta a ƙasa a gabana ya ce, "Tsaya in auna ka." Kanta ya zo mini daidai kafaɗa. Haka yake wa duk wanda ya zo koyo, sai ya auna shi da sanda kafin ya bar shi ya taɓa ƙwallo, ya kuma sa shi ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Mai ƙaramin hannu ba ya ba shi mai nauyi ko da ya yi rantsuwa zai iya.

Na ɗauka daga nan sai wasa. Ina! Ya ɗauko kwalbar lemo ya kwantar kan benci, ya ce in riƙa tura kan sandar cikin bakin kwalbar ina zarowa ba tare da ta taɓa gilashi ba. Na yi makonni ina wannan wahalar, mutane suna wasa ina zaman kwalba, da ya ji "ƙyas" daga can ƙarshen ɗaki sai ya ce, "Na ji ka." Ranar da na gaji na ce, "Kawu, ni fa sinuka na zo koya," sai ya ce, "Gwiwar hannunka tana rawa kamar ta mai daka. Ta daina tukuna."

Maganganunsa har yau suna kunnena, duk da ba ya faɗarsu da daɗi. Hannun hagu da ake kafawa kan tebur sanda ta bi ta kai, shi murhu yake ce masa: "Kafa murhunka da kyau, tukunya ba ta zama kan dutse mai motsi." Hannun dama kuma, in ya ga mutum ya damƙe gindin sanda jijiyoyi sun tashi, sai ya buge masa yatsu ya ce, "Ɗan tsako ka riƙe. Kar ya gudu, kar ya mutu." Haɓa ta sauka har ta kusa taɓa sanda, kai kuma ba ya ɗagowa sai ƙwallo ta gama tafiyarta. Abin da ya fi tsana shi ne mutum ya sari ƙwallo ya janye hannu da sauri. Yakan ce, "Baƙuwa ce. Ba a hankaɗa baƙo waje, raka shi ake yi har bakin zaure." Alli kuwa, shuɗin nan da direbobi ke kawo masa daga Ikko, kafin bugu ake shafa shi. In ka kuskure sannan ka ɗauki alli, sai ya tambaye ka ko ka taɓa ganin wanda ya yi salla sannan ya yi alwala.

Ya daɗe kafin ya yarda in buga farar ƙwallo a ƙasan cibiyarta don ta ja da baya, ko a gefe don ta karkata in ta bugi bango. Ya ce wanda bai iya tafiya miƙe ba ba a koya masa rawa. Kuma in ka jefa jar ƙwallo a rami kana murna kana duban mutane, shi farar yake kallo. "To, ka ci ɗaya. Ina ka ajiye fara? Kowane gardi na iya jefa ƙwallo a rami. Gwani shi ne wanda ya san inda fara za ta tsaya."

Fatar da ke kan sanda da kansa yake yi. Yakan je wurin dukawa ya zaɓi fatar wuyan sa mai kauri, ya jiƙa, ya danne ta ƙarƙashin ƙafar tebur har ta yi tauri, ya yanka, ya manna da gam, ya goge da samfefa har ta yi kan ƙwai. Ƙyallen tebur kuma guga yake masa da dutsen guga na gawayi, daga sama zuwa ƙasa, ba ya komawa baya. Amma dokar da ta fi kowace a ɗakin nan ita ce ba a jingina sanda da bango. Ko a rataye ta, ko a kwantar da ita. "Sanda in ta jingina ta koyi lalaci," in ji shi, "in kuma ta lanƙwashe sau ɗaya ba mai miƙar da ita." Tasa, wadda wani tsohon direban jirgi ya bar masa a Minna, rana ba ta taɓa ganinta ba, raɓa ba ta taɓa sauka a kanta ba. In ana ruwa zai tafi gida da ita, rigarsa yake cirewa ya naɗe akwatin, shi ya jiƙe.

Ba zan yi masa irin ɗinkin da aka yi masa a ƙofar gida ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawu yana da kaifin baki, ya kori almajiran wasa da yawa da baƙar magana. Kuma bai kyauta wa Iya ba. Shekarar da iska ta yaye kwano a unguwa, ɗakin tebur da ɗakin Iya duka suka buɗe. Kwanon da ya samu bai isa biyu ba, ɗakin tebur ya rufe. Iya ta yi wannan damina tana jera kwanuka da tukwane a tsakar ɗaki suna tarar ruwa. Inna ta je ta yi masa faɗa, ya ce, "Mutum in ya jiƙe yana bushewa. Tebur ba ya bushewa." Wannan magana ta zauna wa Iya a zuciya har yau, kuma tana da gaskiya.

Amma caca, wannan ƙazafi ne, shi ne kuma abin da ke ci mini rai. Tun da aka ce za a gina babban birnin ƙasa a nan kusa, aka kuma ba shi tsohon sunan garinmu, gari ya cika da masu awon ƙasa da 'yan kwangila, kowa aljihunsa na ƙaiƙayi. Wata rana da la'asar ina nan wani ɗan kwangila ya zaro kuɗi ya ɗora a gefen tebur ya ce a buga a kansu. Kawu ya taso. Ya sa kan tsintsiya ya ture su ƙasa, ya ce, "Alhaji, kwashe ka fita. Nan ba tasha ba ce." Mutumin ya ce zai iya sayen teburin da ɗakin duka. Kawu ya ce, "Sun karɓi sunan gari, ban ce komai ba. Teburina kam a bar mini." Duk unguwa ta ji wannan labari. Kawu Liman ma ya ji, na sani, don ni na faɗa masa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wanda ya haƙa rijiya a hanya ba zai ce bai kira mai faɗawa ba."

Ni ma mun yi namu rikicin. Da na fara aiki a Kaduna na sayi wata sanda mai gida biyu da ake ɗaurawa da sukurun tagulla, tana sheƙi, da jakarta ta fata. Na zo da ita hutu ina taƙama. Kawu ya ɗaura, ya mirgina kan tebur, ta tafi daidai. Na ce a raina yau na kama shi. Sai ya buga ƙwallo ɗaya da ita ya miƙo mini ya ce, "Fatar kanta ta yi taushi kamar burodi, gaba kuma ya fi baya nauyi. Ba girin-girin ba, ta yi mai." Na ji haushi na ce, "Kawu, kai dai duk abin da ba naka ba ba shi da kyau." Ya ce, "To jera ƙwallaye." Ya ɗauki gurguwar nan mai ɗingishi da ya hana ni ranar farko, ni da sabuwata, ya cinye ni tas a gaban mutane. Sannan ya ce, "Sanda mai kyau ba ta ƙara maka komai. Abin da take yi, ta hana ka samun wanda za ka ɗora wa laifi." Na koma Kaduna ban yi masa sallama ba. Bayan wata guda sai ga ƙunshi ta hannun direba: fatar kan sanda guda biyu da ya yi da hannunsa, da alli ɗaya. Ko gaisuwa bai haɗo da ita ba.

Abokin karawarsa na gaske shi ne Disfensa, wani dattijo Inyamuri da ya yi aikin ba da magani a asibiti, daga baya ya buɗe kemis a bakin kasuwa. Kullum bayan la'asar suna kan tebur suna zagin juna, shi da gurɓatacciyar Hausarsa, Kawu da gurɓataccen Turancinsa. Lokacin tashin hankalin da ya kori mutanensu zuwa gida, Disfensa ya tafi da iyalinsa da abin da hannu zai iya ɗauka, ya bar sandarsa a rataye a ɗakin tebur. Kawu ya sauke ta ya kai gida, ya kwantar da ita kusa da tasa a akwati ɗaya. Duk tsawon yaƙin basasar da ya biyo baya, ba wanda ya san ko mutumin yana raye, Kawu yana fito da ita yana gogewa yana juya ta kada ta kwanta gefe ɗaya. Mutane suka nemi ya sayar ko ya ba da aro, ya ce mai ita yana zuwa. Da yaƙi ya ƙare Disfensa ya dawo a rame, ba shago ba gida. Ya shigo ɗakin tebur ya tsaya. Kawu bai rungume shi ba, bai tambaye shi wa ya mutu wa ya rayu ba. Ya aika aka ɗauko sandar, ya mirgina ta kan tebur a gabansa, ta tafi sumul, ya ce, "Kai ne da bugu." Disfensa ya kifa kai kan gefen tebur ya yi ta kuka, Kawu yana cewa ya ɗaga kada ya jiƙa masa ƙyalle.

Ganina da shi na ƙarshe da babbar sallar da ta wuce ne. Idonsa ya fara rauni, yana tsayawa ya huta tsakanin bugu. Muka kara, ya cinye ni, amma da ƙyar, sai a baƙar ƙwallo ta ƙarshe. A wani wuri na jefa ja, na jawo fara baya ta tsaya daidai bayan baƙa. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Gwiwar ta daina rawa." Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinsa ke nan. Ya goge sandarsa ya mayar akwati ya ce, "In ka dawo ka zo da hannun nan. Wannan taka ce, daidai kafaɗarka take. Amma sai ka ci ni tukuna." Na koma Kaduna na yi ta zaman kwalba kamar sabon shiga.

Ranar sadakar uku da safe sai ga Disfensa, da farar riga da hula a hannu. Aka ba shi benci can gefen rumfa. Ya gaida Kawu Liman, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, wannan ƙane naka, daga nan har Minna babu mutum wanda ya riƙe sanda kamar shi. Ni na sani. Shekara da shekaru yana ci na, kobo ɗaya bai taɓa shiga tsakani namu ba." Kawu Liman ya ce, "Mun gode, Allah ya ba da lada," ya juya ga wanda ke gefensa. A cikin kwana ukun nan wannan ce kaɗai ta'aziyyar da aka yi wa Kawuna, sauran duk wani mutum daban aka yi wa.

Disfensa ya jawo ni gefe ya ce, "Sanda na shi fa? Ya ce na ka ne. Ka ɗauka?" Na ce ban gan ta ba. Ya ce, "Tambaya Madam." Na koma ciki na tsuguna gaban Iya na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa mini. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Da aka gama wanka aka nemi karan da za a auna shi a kai wa masu haƙa. Damina ce, duk karan gidan nan ya ruɓe, na gona bai yi ba. Yara suka ce bari su je maƙwabta. Yayansa ya ce a bari, akwai sanda a ƙarƙashin gado." Sannan ta ce, "Ni ce na buɗe akwatin na miƙa. Ban yi tunanin komai ba a lokacin. Ko kuma na yi, Allah ya sani."

Kowa a garin nan ya san abin da aka auna gawa da shi ba ya dawowa gida, a maƙabarta ake barinsa. Yaro ƙarami ya sani, balle liman. Maƙwabta kuwa taku kaɗan ne, kuma akwai gora a jikin danga.

Muka tafi ni da Disfensa. An yi ta ruwa tun ranar Laraba, hanyar duk taɓo, Dutsen Zuma ya lulluɓe da gajimare. Shi ya tsaya a bakin maƙabarta ya ce ba zai shiga ba kada a ce ya yi wani abu, ni na shiga. Ban sha wahalar gane kabarin ba. Ba su kwantar da ita ba ma. Sun soka gindinta cikin jar ƙasa ta wajen kai don alama, ruwa ya kwance ƙasar ta karkata, ta jingina da wani kututturen dogon yaro. Fatar kanta ta kumbura ta ɓare ta faɗi. Na tsuguna na rufe ido ɗaya na bi tsawonta da kallo kamar yadda ya koya mini. Ta riga ta yi baka.

Na yi masa addu'a iyakar abin da bakina ya iya. Hannuna ya kai kanta, na janye. Ko na zare ta me zan kai gida? Da na fito Disfensa ya dubi fuskata, bai tambaye ni ba sai da muka yi nisa. Na faɗa masa. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Duk yaƙi ya ajiye nawa, ya dawo miƙe. Nashi kwana uku ba su iya ba." Ya share ido da hularsa, muka ci gaba da tafiya.

Da yamma bayan mutane sun ragu na sami Kawu Liman a zaure. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Allah ya gafarta Malam, sandar nan da aka yi awo da ita, ai ya ce tawa ce." Bai ɗago daga carbinsa ba. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa. Ɗaya ya ishe mu a gidan nan." Na ce, "Kun san bai taɓa caca ba." Ya ce, "Itace ne, ɗana. Yau dai ta yi aikin lada sau ɗaya." Na tashi na fita, don in na ƙara kalma ɗaya Inna ce za ta kwana tana kuka. An ce in yi haƙuri, babba ne, kuma shi ma ƙaninsa ya rasa. Na ji. Ina gaishe shi, ina bin sa salla in na zo gari, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Teburin an sayar wa wani mai otal a hanyar Madalla kafin arba'in. Na leƙa sau ɗaya, na ga kwalabe a jere kan gefensa, kuɗi a kan ƙyalle, sanduna duk a jingine da bango. Abin da Kawu Liman ya yi ta faɗa shekara da shekaru sai yanzu ya zama gaskiya, da mai hanawa ya kwanta.

Shi ya sa na rubuta wannan, don kada ɗinkin ƙofar gida ya zama shi ne kaɗai abin da ya rage. Kawuna ba mai haƙuri ba ne, ya damu da duniya, aƙalla da kusurwa guda ta cikinta, kuma ya iya abinsa fiye da duk wanda na taɓa gani. Allah ya yafe masa kaifin bakinsa da daminar Iya, ya dubi amanar da ya riƙe wa baƙo lokacin da riƙe ta ba ta da farin jini, ya yalwata masa makwanci, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Wanda kuma ya shiga maƙabartar garinmu ya ga wata sanda siririya a karkace jikin kututture, ya yi wa mai wurin addu'a, ya kuma sani ba haka ya bar ta ba.